ITATUWAN GONAKINMU SUN TSUFA, BA MAGADA

Wanda ya bi hanyar mota daga Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori a tsakiyar damina, da wuya ya yarda in an ce masa ƙasar nan tana cikin wata hasara. Masara ta yi kore shar, dawa ta shanye mutum, ga auduga, ga waken suya, ga kuma manyan itatuwa tsaitsaye a gonaki, ɗorawa nan, kaɗanya can, kuka da tsamiya a bakin gari. Amma muna roƙon mai karatu, in ya sake bin hanyar nan, ya duba abu guda. Cikin itatuwan ɗorawa da kaɗanya da ya gani, nawa ne ƙanana, waɗanda ba su kai kaurin cinyar mutum ba? Lalle zai sha tafiya kafin ya cika yatsun hannunsa.

To, wannan shi ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Garin da ya cika da dattawa, ba yara ba samari, komai cikarsa yau kufai ne gobe. Itatuwan da mu ke cin moriyarsu kakanninmu ne suka bar mana, mu kuwa ba mu bar wa na baya komai ba.

Labarin wani tsibiri

Can cikin Tekun Indiya akwai wani ɗan tsibiri mai suna Rodirigis, wajen mil 350 gabas da Morishus, a ƙarƙashin mulkinta kuma ya ke. Mutane suka sare dajinsa don noma da katako, awaki suka cinye abin da ya tsiro, itatuwan da aka kawo daga waje suka mamaye sauran fili. Akwai wata 'yar itaciya mai farin fure, dangin gahawa, wadda babu irinta ko'ina a duniya sai can, har masana suka ɗebe tsammani, suka ce ta ƙare. Wajen 1980 wani malamin makaranta ya nuna wa almajiransa hotonta, ya ce su riƙa dubawa. Sai wani yaro ya zo masa da reshe, ya ce ya karyo shi a bakin hanya. Aka je aka duba, ashe ita kaɗai ta rage. Aka kewaye ta da shinge, cikin 1986 aka kai reshenta lambun binciken tsire-tsire na Kew a Ingila, ba a kuwa sami iri daga gare ta ba sai 2003, bayan wahalar shekara goma sha bakwai.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da tsibiri, mu da ko teku ba mu da ita? Amsa ita ce, kowane kurmi da kowane ɗan guntun daji da ya rage a ƙasar Maska da ƙasar Galadima ya zama tsibiri, sai dai gonaki ne suka kewaye shi maimakon ruwa. In wani iri ya ƙare a cikinsa, ba inda zai sake fitowa ya maye gurbi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Waɗanda ke cikin haɗari

Ba zato mu ke yi ba. Ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu, watau IUCN, ta sa kaɗanya da maɗaci da kawo cikin jerin masu rauni, cikin 2018 kuwa ta sa maɗobiya a matakin da ya fi wannan tsanani. Maɗobiya dai katakonta ne ya jawo mata, gama attajiran ƙasar Sin suna sonsa ƙwarai don yin kujeru da gadaje. Cikin 2016 ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar CITES suka taru a Afirka ta Kudu suka sa wa cinikinta takunkumi, cikin 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron da aka yi a Panama cikin 2022 aka ƙara maɗaci da kawo cikin waɗanda ba a fitar da katakonsu sai da izini.

Amma kada mu ruɗi kanmu da dokokin nan. Cinikin katako zuwa ƙetare ya fi yin ɓarna a wajen Taraba da Adamawa da Kogi. Ciwonmu a kudancin Katsina daban ne, ba kuwa wata takarda da aka sa wa hannu a Panama da za ta warkar da shi.

Mafarin ciwon

Abu na fari shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 1991 ta sami mutum miliyan 3.7 a Jihar Katsina, ta 2006 ta sami miliyan 5.8. Dā manomi ya kan bar gona ta huta shekaru, ta zama saura, a cikin saurar nan ne 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa su ke tsirowa su yi ƙarfi. Yanzu gonar gado an raba ta an sake rabawa, ba mai ikon barin ko kunya guda.

Na biyu, irin noman ya sake. Tun zamanin Turawa ƙasar nan ta auduga ce, aka kawo garmar shanu, daga baya tarakta. Cikin 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, aka yi hanyoyi, aka kawo takin zamani da irin masara mai yawan amfani. Ba mai musun alherin da wannan ya kawo, shi ya mai da Funtuwa da Dandume da Bakori rumbun hatsi. Amma garma ba ta son kututture, masara ba ta son inuwa. Ga kuma maganin feshi da ya zo a baya, wanda bai san bambancin ciyawa da ɗan itace ba. Abin da ya tsira daga feshi, awaki su gama da shi da rani.

Na uku, wuta. Tun da aka janye tallafin mai cikin watan Mayu 2023 tsada ta ƙaru, gidaje da yawa a birane suka koma ga itace da gawayi. Kirya da marke da kaɗanya su suka fi kyaun gawayi, saboda haka su a ke fara kayarwa. Manomin da bashi ya ƙure ya kan sayar da ɗorawar gonarsa ga masu zarton inji, itacen da ya shekara sittin yana tsaye ya faɗi kafin azahar. Dazuzzukan yamma kuwa, wajen Faskari da Sabuwa, 'yan bindiga sun daɗe suna hana malaman daji shiga, ko da ya ke cikin 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dajin Kogo gandun ƙasa.

Wa zai yi hasara?

Mata ne za su fara ji a jikinsu. Daga ɗorawa a ke samun kalwar daddawa, da garin sha, da makubar daɓe. Daga kaɗanya a ke samun man kaɗe, wanda har Gwamnatin Tarayya ta ga darajarsa, ta hana fitar da ƙwararsa ɗanya na wata shida cikin Agusta 2025 don a riƙa sarrafa ta a gida. Amma ina amfanin hana fitar da ƙwara in ba uwar da za ta zubo ta? Maɗaci maganin ciki ne, kirya ita ce turmi da taɓarya da gawayin maƙera, ganyen kawo da maɗobiya shi ke riƙe shanun Fulani a ƙarshen rani. Ɗinya da kanya da taura da tsada kuwa su ne marmarin yaran ƙauye, ba da ko kwabo ba. Kada kuma mu manta, Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso. In kanmu ya zama sanƙo, ƙasa ta zaizaye ta cike madatsai irin na Mairuwa, har mutanen da ba su taɓa ganin Funtuwa ba za su ɗanɗana.

Wani zai ce ai kowace shekara a kan yi bikin dashen itatuwa. Gaskiya ne. Amma me a ke dasawa? Bedi ne, wanda Kanawa ke kira darbejiya, da turare, dukansu baƙi ne, ɗaya daga wajen Indiya, ɗaya daga Ostiraliya. Suna da saurin girma, suna ba da inuwa da azara, ba mu raina su ba. Sai dai ba a yin daddawa da 'ya'yan bedi.

Abin koyi yana kusa

Ba sai mun haye teku neman magani ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi, waɗanda ruwan samansu bai kai namu ba, sun riga mu. Tun daga 1983 wani masanin aikin gona mutumin Ostiraliya, Tony Rinaudo, tare da manoman ƙauyukan can, suka lura cewa kututturan da a ke sassabewa kowace bazara ba matattu ba ne, saiwarsu tana nan da rai. Sai manomi ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya yanke sauran, ya riƙa yi musu aski. Suka sa wa abin suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan eka wajen miliyan 12 a kudancin Nijar. Abin da ya ba aikin ƙarfi kuwa shi ne manomi ya sakankance itacen da ya raina nasa ne, ba na hukuma ba.

Saboda haka shawararmu uku ce. Ga manoma, kowa ya bar 'yan tofo a kan iyakar gonarsa, inda garma ba ta bi, ya kare su da ƙaya, ya kau da bakin feshi daga gare su. Ga Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai, a fito fili a shaida wa talaka cewa abin da ya raina mallakarsa ne, a tsananta wa masu zarton inji, a kuma sa wuraren renon itatuwa su ba da rabin filinsu ga irin gida.

Ta uku tamu ce, mu ma'aikatan ilmi, mu kuwa ba mu da bakin zargin kowa. Mun taɓa shiga wani aji a ƙasar Malumfashi muka nuna wa yara ganyen maɗobiya, ba wanda ya san shi, malaminsu ma ya yi shiru. Yaran nan sun iya zana furen da ke cikin littafi, ba su san itacen da ke bayan ajinsu ba. Ya kamata kowace kwalejin horon malamai ta sa ɗalibanta su tattara sunayen itatuwan ƙasarsu da amfaninsu daga bakin tsofaffi da masu magani da makiyaya, tun suna da rai. Kowace makaranta kuma ta keɓe fili ta shuka irin gida. Ƙwarar kaɗe ba ta jimirin ajiya, da ta faɗo a farkon damina a ke binne ta. Kalwa kuwa sai an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin a shuka.

Mun sani kaɗanya ta kan shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta yi 'ya'ya, wanda ya shuka watakila ba shi zai ci ba. To, haka waɗanda suka bar mana namu suka yi. Malamai kuma sun karantar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Yaron da ke aji ɗaya bana, in ya binne ƙwara da hannunsa, matarsa ce za ta tsinci 'ya'yanta.

Allah ya sa shugabanni su ji, talakawa su ɗauka, ya ba mu damina mai albarka, amin.