Wasiƙa Zuwa Ga Masu Duba Ciwon Zuciya a Yangoji da Kewaye

Ya ku likitoci da ma'aikatan jinya na Yangoji da Kwali.

Maganata a kan gwajin jinin BNP ce da ɗan'uwansa NT-proBNP. Zuciya ce ke sakin wannan sinadari idan ruwa ya yi mata yawa har bangonta ya miƙe, kuma masana a Japan ne suka gano shi a 1988. Iya wahalar zuciya, iya hawansa a jini. Wanda aka kawo a gaggauce yana haki, in NT-proBNP ɗinsa bai kai 300 ba, da wuya a ce zuciya ce ta gaza. Amma ga wanda ciwonsa ya yi nisa, abin da gwajin ke nunawa shi ne inda ciwon ya dosa.

Saboda haka ku auna sau biyu: ranar kwanciya da dab da sallama. In ya sauka da kashi 30 cikin ɗari ko fiye, magani ya karɓe shi. In ya ƙi sauka, ko da kumburin ƙafa ya saɓe, mai yiwuwa ne majinyacin ya dawo asibiti ba da jimawa ba. Irin wannan ku haɗa shi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada tun yana iya hawa mota.

Ku karanta lambar tare da mai ita. Ƙiba na rage ta. Tsufa da ciwon ƙoda da bugun zuciya marar tsari suna ƙara ta. Mai shan sacubitril kuwa, NT-proBNP za ku nema, domin maganin na ɗaga BNP.

Manomin da sai ya sayar da doya kafin ya biya gwaji, kada ku tilasta masa. Ku duba gishirin jininsa, wato sodiyam. In ya gaza 135, sau da yawa sinadaran riƙe ruwa ne suka tashi, alama ce mai nauyi kuma mai araha. Ku riƙa auna nauyinsa kullum.

Sai mai jego. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana gazawar zuciya bayan haihuwa a Zariya. Da yawansu zuciyar kan farfaɗo, don haka kada lamba mai yawa ta sa ku sare.

In dangi suka tambaya, ku gaya musu haɗarin a fili ba tare da yanke wa'adi ba, ku rubuta musu ranar dawowa asibiti, ku kuma ja kunnensu a kan gishiri da kanwa.

Wassalam.