Katin Shaida Ya Koma Intanet, Ina Makomar Makafi?

Tun daga watan Yuli na 2021, duk mai neman fasfo a Kamaru sai ya fara cika takarda ta intanet. A watan Fabrairu na 2025 katin shaidar ɗan ƙasa ma ya bi sahu: a yi rajista ta intanet, a biya sefa 10,000, sannan a je a ɗauki hoto da zanen yatsa. Ba mu ƙi ba. Wanda ya taɓa kwashe shekara yana yawo da guntuwar takardar jiran kati ya san an samu sauƙi.

To amma sauƙin na wa ne? Makaho a Figil ba ya ganin allon waya. Abin da ke karanta masa rubutu shi ne manhajar da ke magana, kuma ita ba ta iya komai idan aka bar maɓalli ba suna ko aka sa bayani cikin hoto. Daga nan sai ya nemi ɗan jagora zuwa shagon intanet, ya miƙa takardar haihuwarsa da lambar wayarsa da kuɗinsa ga wanda bai sani ba, ya kuma biya ladan aiki. Gurgu kuwa, ko ya gama rajista, matakala na jiransa a ƙofar ofis. Kurma ba ya jin sanarwar da muke yi a rediyo. Wannan laifin har da mu a ciki.

Ba alfarma ake roƙo ba. Akwai dokar 13 ga Afrilu, 2010 mai kare nakasassu, akwai kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, wadda Kamaru ta sa wa hannu tun 2008. Sashe na 9 ya ambaci fasahar sadarwa ƙarara.

Abin da muke kira a yi bai kai kuɗin mota ɗaya ta ofis ba. Manhajar NVDA, mai karanta wa makaho allon kwamfuta, kyauta ce, kuma tana jin Faransanci. A ajiye kwamfuta guda mai ita a ofishin magajin gari na Figil, da Gidar, da Garwa, a ɗaki na ƙasa, tare da ma'aikacin da zai yi bayani da Fulatanci ko Hausa ko Gidaranci, ba tare da karɓar ko dala ba. Sannan kafin gwamnati ta karɓi kowane sabon shafi daga hannun ɗan kwangila, a zaunar da makafi su gwada cika takardar da kansu. Idan sun kasa, kada a biya shi sai ya gyara.