Jirgin Kara Ya Samu Inji, Saura Wanda Zai Rubuta Yadda Aka Yi

 

Kusan duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya karaɗe wayoyinmu: matashi a tsakiyar fili riƙe da rimot, ɗan jirgin da ya haɗa da soso da kwali yana shawagi a sama, yara suna bin sa da ihu. Daga nan sai labarin ya fito, kuma kusan kullum da kalmomi iri ɗaya: haziƙin matashi ya ƙera jirgi, yana roƙon gwamnati ta tallafa masa. A yi ta "Masha Allah" kwana uku, a wuce. Wanda ya karanta bai san da me aka yi fiffiken ba, bai san sau nawa jirgin ya faɗi kafin ya tashi ba, bai san nawa aka kashe ba. A ganinmu irin wannan yabon ba ya haihuwa. Abin da ke buƙatar alƙalaminmu shi ne yadda aka yi aikin, dalla-dalla, da Hausa, ta yadda yaro a Dambatta ko Kunchi zai karanta ya ɗora daga inda na gabansa ya tsaya.

Mu tuna da Mubarak Muhammad Abdullahi. A shekarar 2007, yana ɗan shekara 24, yana karatun fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic da wasu tarkacen ƙarafa. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauki labarin, duniya ta ji, aka ruwaito cewa jirgin ya ɗaga daga ƙasa amma bai wuce ƙafa bakwai ba. To, wane ne a cikinmu zai iya nuna shafi guda na Hausa da ya bayyana yadda ya haɗa injin da farfela, ko abin da ya hana jirgin yin sama? Sunan ya tsira, ilimin ya tafi da mai shi. Duk wanda ya zo bayansa sai ya fara daga farko.

Alhali kuwa tushen wannan sana'a yana gonakinmu. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bichi, Tsanyawa, Makoɗa ko Minjibir ya san abin da yara ke yi idan an girbe dawa: a fere kara, a fitar da totuwa, a tsaga ɓawon, a soka wannan cikin wancan, sai ga mota, ga tabarau, ga jirgi. Totuwa ba ta da nauyi, ɓawo yana da ƙwari. Wannan ita ce dabarar da ake ƙera fiffiken jirgi da ita: ciki mara nauyi, baya mai tauri. Yaron da ya iya jirgin kara ya riga ya yi rabin karatun da hannunsa. Sauran rabin ne yake cikin Turanci, a bidiyoyin da ke cinye data, kuma nan ne aikinmu yake.

Bari mu gwada irin bayanin da muke nufi, don kada ya zama muna faɗa ne kawai.

Ɗan jirgin rimot kashi biyu ne. Akwai gangar jiki, wadda kusan kyauta ce. Farin soson da ake kunso firij ko talabijin a ciki yana yin fiffike da jiki. Tsinken tsire ko sillen gora yana ƙarfafa fiffiken daga ciki. Wayar ƙafar keke tana yin ƙafafun sauka. Robar da aka yanko daga tsohon tib ita ake ɗaure fiffike da ita, don idan jirgin ya faɗi fiffiken ya fita maimakon ya karye. Sai a kula da gam: yawancin gam mai saurin kamawa yana narkar da farin soso, gara gam ɗin kafinta ko wanda ake narkawa da zafi.

Kashi na biyu shi ne kayan lantarki, kuma su ne masu cin kuɗi: inji, madaidaicin gudun inji, batir, rimot da risibarsa, sai wasu ƙananan injina biyu ko uku masu ja da tura jela, waɗanda za mu iya kira injinan linzami. Daga waje ake shigo da su, da dala, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi yana sayen kayan lantarki sau ɗaya ne, ya yi ta sauya musu jiki. Soso ya karye, a yanko wani. Wannan ya sa masu wayo suke ɗora injin a bayan fiffike yana turo jirgin, domin idan ya yi sukuwa da hanci, soso ne zai sha ƙasa, farfela da inji su tsira.

Abin da ya fi kayar da sabon jirgi shi ne rashin daidaita nauyi. Kowane jirgi yana da cibiyar nauyi, kuma ga fiffike miƙaƙƙe tana zama ne a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken, idan aka auna daga gaba. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu a daidai wurin. Idan jela ta rinjaya, kada a tashe shi, zai ɗaga kai ya kife. A matsar da batir gaba har hancin ya ɗan sunkuya. Haka nan idan aka ɗan ɗaga bakin fukafukan sama, kuma aka ɗora su a saman jiki, jirgin yakan daidaita kansa idan iska ta karkatar da shi. Ga mai koyo wannan ya fi ƙaton inji amfani.

Sai batir. Irin wanda ake amfani da shi, kowane ɗaki nasa yana cika ne a bolt 4.2, kuma idan aka zuƙe shi ƙasa da bolt 3 ya lalace. Idan ya huje, ko ya kumbura, ko aka bar shi a rana, yana iya kamawa da wuta. A ƙasar da ake tara kara da harawa a kan bishiya da bayan gida, ga rumbuna cike, wannan jimla guda tana iya tsare dukiyar shekara. Sannan gonakinmu a manne suke da juna, da damina babu filin tashi. Sai bayan kaka, shi ma ga gawo, ga ɗorawa, ga kuka, ga tushiyar kara mai tsaga soso. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, kuma a harba jirgin yana fuskantar iska.

Duk wannan bayani bai kai shafi biyu ba, kuma babu kalmar da ta gagari Hausa a cikinsa. Yanzu mu dubi dalilin da ya sa muke ganin rubuta shi ya fi yabon muhimmanci.

'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu shagon kekuna ne. A 1899 Wilbur ya rubuta wa cibiyar Smithsonian wasiƙa yana neman abin da aka wallafa a kan tashi sama. A 1901 suka haɗa akwatin hura iska, suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200, suna rubuta sakamakon. Sai a ranar 17 ga Disamba, 1903 jirginsu ya tashi, na daƙiƙa 12, tsawon ƙafa 120. Karatu suka fara yi, da rubutu suka ci gaba. Kusa da mu kuma akwai William Kamkwamba na ƙasar Malawi, wanda yunwa da rashin kuɗi suka fitar daga makaranta. Yana ɗan shekara 14 ya ari littafi a wani ƙaramin ɗakin karatu, Turancin ya yi masa nauyi, ya bi zane-zanen, ya haɗa injin samar da lantarki daga iska da tarkacen keke. Da littafin da harshensa yake, da wahalar ta ragu. Yaronmu na Kunchi yana wannan matsayin a yau.

Mun san za a ce mana wannan wasan yara ne, ana fama da abin sakawa a baki wa ke ta jirgin soso? Amma wanda ya koyi haɗa waya da dalma, ya san lissafin batir, ya iya gano abin da ya hana inji juyawa, ya riga ya kama hanyar gyaran sola, da famfon ban-ruwa na masu noman rani a Watari da Tomas, da babur mai caji. Kuma manya ma suna wannan aikin. Rundunar sojan saman Najeriya ta fito da jirginta mara matuƙi a 2013 ta sa masa suna Gulma, ta fito da wani a 2018 ta sa masa Tsaigumi. Sunayen Hausa ne, a Kaduna aka ƙaddamar da su. Daga 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin jihar Kaduna da irin waɗannan jirage. Dokar da ke ɗaga su ita ce ke ɗaga na soso.

Za a kuma ce ai inji da rimot duk na waje ne, to me ya ƙera? Tambaya ce mai kyau, kuma marubuci ya kamata ya faɗi gaskiya a nan: ya bambance abin da aka saya da abin da aka yi da hannu. Cewa yaro ya ƙera komai da kansa alhali ya sayi kayan lantarki cutar da shi ne, don ranar da masana suka duba sai a raina duk aikin. Gwanintarsa tana wajen zanen jiki, da daidaita nauyi, da gyaran da ya yi bayan kowace faɗuwa. Wannan ya isa abin alfahari.

Akwai kuma maganar doka. A watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta sanar da hana tayar da jirage marasa matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A wannan zamani na zaman ɗarɗar, abu ya gilma a saman gari yana ƙara, ba kowa zai ɗauka wasa ba ne. Duk wanda zai rubuta a kan wannan fanni ya sa wannan a ciki: a sanar da mai unguwa ko dagaci, a nisanci gidaje da taron jama'a da wayoyin lantarki, a nisanci filin jirgin Malam Aminu Kano, musamman ga mutanen Ungogo da ke maƙwabtaka da shi, kuma kada a ɗora kyamara a leƙa gidajen mutane. Rubutun da ya zuga yaro bai gaya masa iyaka ba ya jefa shi cikin matsala.

Wasu kuma za su ce mu marubutan adabi ne, wannan aikin malaman kimiyya ne. To, Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce shi ne ya haɗu da Rupert East suka fitar da Ikon Allah a 1949, suka bayyana kimiyyar halittu da Hausa. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron Hausa sararin sama. Hanyar a buɗe take tun tuni. Tun 1925 jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma tun 1964 ake da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya. Jirgi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, bayaninsa da harshenmu ne ya yi ƙaranci.

Ga abin da muke ba da shawara. Idan a garinku akwai mai irin wannan aiki, ku je ku zauna da shi da biro da takarda, da izininsa da na iyayensa idan yaro ne. Ku tambaye shi tsawon fiffike da faɗinsa. Ina ya samo soso? Me ya saya, nawa, a wace kasuwa? Jirgi na nawa ne wannan, me ya kashe na baya, me ya sauya? Ku saurari sunayen da yake kiran kayan da su, domin kalmar da ta fito daga bakin mai aiki ta fi wadda muka ƙirƙira a ɗaki saurin kama gari. Ku karanta masa abin da kuka rubuta ya gyara, ku sa sunansa a matsayin mai aikin. Ku ɗauki hoton karyayyun fukafukan tare da na wanda ya tashi.

Masu ƙagaggen labari ma akwai rabonsu. Ku duba yaron da ya tara kuɗin roron gyaɗa wata uku ya sayi batir, ranar gwaji jirgin ya maƙale a kan kukar maƙwabci, mahaifinsa yana ganin ɓarnar kuɗi ce, ƙanwarsa ce kaɗai ta lura jela ta fi nauyi. Akwai buri a nan, akwai rikici, akwai asara. Sharaɗin kawai shi ne jirgin ya faɗi saboda dalilin da jirgi ke faɗuwa, ya tashi saboda gyaran da ke tayar da jirgi. Mai karatu ya ji daɗin labari, ya tashi da ilimi.

Wanda ya samu irin wannan mutum a yankinsa ya rubuta ko da kalma 500 ce ya kawo mu karanta tare, mu yi gardama a kan kalmomin, mu tsayar da waɗanda suka fi daɗin baki. Mu fara da guda: injin linzami ya yi muku, ko akwai wadda ta fi ta?

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mun ji daga gare ku.