Gajiyar Ƙarfe: Aikin da ke Jiran Masana Hausa

A ƙasar Makarfi da Kudan, inda rake ya zama dukiya, da Ikara mai albarkar tumatir, tarakta kan tsaya ana tsakiyar huɗa saboda dunƙulen ƙarfen da ke rarraba mai ya fara yoyo. Bakanike ya ce ya tsage, a kai wa mai walda, ba da jimawa ba tsagar ta dawo. Kafin a gama wannan kai-komo, lokacin shuka ya wuce.

Kalmar “tsagewa” sakamako kawai take faɗa, ba ta faɗin sanadi. Cikin dunƙulen akwai hudoji masu gitta juna, waɗanda mai ke bi don ɗaga garma, da matsin da kan kai ninki 200 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Tun 1898 Ernst Kirsch ya nuna cewa zagayayyar huda a farantin ƙarfe tana ninka nauyin da ke bakinta sau uku. Inda huda biyu suka haɗu kuwa, gefen yakan yi kaifi, nauyin ya ƙara taruwa. Kafin shi, August Wöhler ya gwada sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus, ya tabbatar cewa nauyin da bai isa karya ƙarfe ba yana karya shi in an yi ta maimaitawa. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Tsagar daga ciki take farawa, shi ya sa walda ta waje ba ta magani, kuma ɗaure bawul don ƙara wa tarakta ƙarfi gaggauta ajalin dunƙulen ne.

Wasu za su ce wannan hurumin injiniyoyi ne. To, amma injiniya da Ingilishi yake rubutu, mai riƙe da sifana kuwa da Hausa yake tunani. Ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima. Garejin Hunkuyi yana jiran irinsa.

Ra’ayina shi ne, ɗalibanmu su shiga gareji su tattaro kalmomin kanikawa tukuna, sannan a zauna da injiniyoyin noma na Samaru a cike giɓi. Ina miƙa uku don a tattauna: “gajiyar ƙarfe”, “taruwar nauyi” da “mahaɗar huda”. Wadda kanikawa suka ƙi, a jefar da ita.