Mai RX-8, Kada Ka Nemi Araha Wajen Sayen Koyil

Duk wanda yake leƙa tallan motoci a nan Ingila ya san yadda Mazda RX-8 take jan hankalin matasanmu. Mota ce mai kyan gani, ƙofa huɗu, ga gudu, kuɗinta kuma bai kai na wata tsohuwar Corolla ba. Matashi ya yi 'yan watanni yana aikin dare, ya tara abin da ya tara, sai ya ce wallahi ya samu banza. Ni ban hana kowa saye ba. Magana ɗaya gare ni ga wanda ya riga ya saya: ranar da za ka canza koyil, wato na'urar da take ba fulogi wuta, ka cire tunanin araha daga ranka. A wannan mota, koyil mai arha hanya ce ta kashe inji.

Injin RX-8 ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Babu fistin a cikinsa. Injin juyi ne, ƙirƙirar wani Bajamushe mai suna Felix Wankel, inda wani ƙarfe mai kusurwa uku yake kewayawa a cikin gidansa, yana zuƙar mai da iska, yana matsewa, yana ƙonawa, yana fitar da hayaƙi. Mazda ta fara sayar da mota mai irin wannan inji a 1967, da shi kuma ta ci tseren Le Mans a 1991. RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, tana da irin wannan ƙarfe guda biyu. Kowanne yana da fulogi biyu, na ƙasa mai fara kunna wuta, da na sama mai biyo baya ya ƙarasa ƙona abin da ya rage. Fulogi huɗu ke nan, kowanne da koyil nasa.

To ga inda lissafin yake. A injin fistin, koyil yana ba da wuta sau ɗaya a duk juyi biyu na inji. A RX-8 kuwa duk juyi ɗaya sai ya bayar. Mai giya shida tana kai juyi 9,000 a minti, wato kowane koyil yana harba wuta sau 150 a daƙiƙa ɗaya. Motar fistin da take juyi 6,000, koyil ɗinta sau 50 kawai yake harbawa. Ka haɗa da zafin da wannan inji yake fitarwa, ga koyil ɗin a maƙale kusa da jikinsa. Shi ya sa waɗanda suka daɗe da motar suke cewa a canza koyil da fulogi da wayoyinsu a duk mil 30,000, kusan kilomita 48,000, ko da ba ka ji wani canji ba.

Wani zai ce, ai idan koyil ya mutu sai a canza, mene ne abin tayar da hankali? Abin tayar da hankalin shi ne ba ya mutuwa lokaci guda. Rauni yake yi a hankali. Wutar ta ragu, fetur ya daina ƙonewa duka, wanda bai ƙone ba ya gangara cikin salansa ya isa matatar hayaƙi, wadda kanikawan gida suke kira indomi. A can yake kamawa da wuta har cikinta ya narke ya toshe. Idan ta toshe, zafi ya rasa hanyar fita, ya koma kan inji. A ciki kuma ɗanyen fetur yana wanke baƙin man da yake shafe siraran ƙarafan da suke riƙe matsi, waɗanda suke a matsayin ringi a injin fistin. Da zarar matsi ya tafi, zance ya ƙare. Mota ta ƙi tashi idan ta yi zafi, sai dai a sauke inji a sake ɗinka shi, aikin da yake cin dubban fam, sau da yawa fiye da kuɗin motar kanta. Garantin shekara takwas ko mil 100,000 da Mazda ta ƙara wa injinan farko a Amurka ya daɗe da ƙarewa. Yau komai daga aljihunka ne.

Zaɓi uku ne a gabanka. Na farko, koyil ɗin Mazda na asali. Kamfanin ya yi masa kwaskwarima fiye da sau ɗaya, don haka ka duba lambar, ka nemi wadda ta ƙare da harafin C, wato N3H1-18-100C. Ka saya a wurin dillali ko shagon da ya ƙware a injin juyi, ka riƙe rasit. Ga wanda yake zuwa aiki da masallacin Juma'a da 'yar tafiyar ƙarshen mako, ni wannan nake ba da shawara. Ka ɗaura, ka rubuta mil ɗin da motar take kai, ka san ranar canji.

Na biyu, koyil ɗin General Motors na Amurka, irin na injinan LS, wanda aka fi sani da D585. Ana haɗa shi da mazauni da wayoyi na musamman don ya zauna a RX-8. Ya fi tsada da farko, amma ya fi jure zafi kuma ya fi daɗewa. Idan ka yi niyyar riƙe motar shekaru, ko kana yawan taka ta, kuɗinka bai tafi a banza ba. Sai dai a kula. Shi ma jabunsa ya cika kasuwa, kuma tsawon lokacin da kwamfutar motar take ba koyil ya cika da wuta an tsara shi ne don na Mazda. Saboda haka ka sayi cikakken saiti daga masu yin sa don wannan motar, kada ka tsinto ɗaiɗai ka ce za ka haɗa da kanka.

Na uku shi ne wanda nake gargaɗi a kai: guda huɗu a kwali ɗaya, babu sunan kamfani, kuɗinsu duka bai kai na guda ɗaya na asali ba. Na san hujjar masu saye. Za su ce mota ce tsohuwa, haya tana jira, 'yan uwa a gida suna jiran saƙo, don me zan zuba kuɗi? Magana ce mai ma'ana, ban raina ta ba. A kan gilashin fitila ko robar goge ruwa, sayi mai arha abinka. Amma koyil na jabu zai tayar da mota lafiya lau a ƙofar gida, sai ka hau babban titi inji ya ɗau zafi sannan wutarsa ta riƙa yankewa, kai ba ka sani ba. Abin da ka rage yau, ninkinsa za ka biya. Araha ba ta ado. Idan kuma da gaske kuɗin koyil na kirki ya fi ƙarfinka, gara ka sayar da motar tun tana da lafiya.

Ga wasu abubuwa da ya kamata ka riƙe. Ka canza huɗun gaba ɗaya, tare da wayoyi da fulogi, domin tsohuwar waya tana gajiyar da sabon koyil. Fulogin NGK ne, RE7C-L a ƙasa, RE9B-T a sama, kada a musanya su. A cire waya ɗaya, a mayar da sabuwa, sannan a taɓa ta gaba, don kada a rikita layi. Farin tabon da ake gani a ƙarƙashin koyil ba shi ne hujjar mutuwarsa ba, a gwada da na'urar gwada wuta. Idan fitilar inji ta fara ƙyaftawa, ko na'ura ta nuna P0301 ko P0302, ka sassauta ƙafa ka nemi bakanike a ranar. Kafin ka kashe ko sisi a kan motar da ka saya hannu, a auna matsin injin da na'urar da aka yi don injin juyi, mai ba da lamba uku a kowane ɓangare. Sabon koyil ba ya tayar da injin da ya riga ya mutu.

Masu tunanin tura ta gida a jirgin ruwa kuma, ku yi wa wanda za ku aika wa adalci. Kanikawanmu gwanaye ne a injin fistin, amma wannan ba kasafai yake zuwa hannunsu ba, kayansa kuma ba a kowane shago ake samu ba. Idan dole sai an tura, a sa saitin koyil na asali da fulogi da wayoyi a cikin but, a kuma faɗa masa mil ɗin da zai canza su. Allah Ya tsare mu da asara.