"Ai ganye ne" ba hujja ba ce: zare kan na'urar shaƙar tururi ta haɗin gida

1/ Jama'a ku matso. Akwai bidiyoyin da ke yawo a TikTok da YouTube suna koya wa matasa haɗa na'urar shaƙar tururin ganye a ɗaki. Kwalba, 'yar waya, batir, bututun roba, shi ke nan wai an zama injiniya. Ni ban yarda da wannan harka ba ko kaɗan. 🧵

2/ Hujjarsu tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take cin mutane. Cewa suke ba ƙona ganyen ake yi ba, ɗumama shi ake, don haka babu hayaƙi. A ƙa'ida haka ne. Na'urorin kamfani suna tsayar da zafi wajen digiri 180 zuwa 210, shi kuwa busasshen ganye yana fara ƙonewa a kusan 230.

3/ To duba tazarar da kyau. Duk aikin yana cikin 'yan digirin nan. Volcano, wadda Jamusawa suka fitar a 2000, abin da ya yi mata suna shi ne iya riƙe zafi a wuri ɗaya. Kai kuma da laita a ƙarƙashin kwalba, da me kake auna zafin? Da ido? Ka ɗan zarce ka koma shan hayaƙin da ka ce kana gudu.

4/ Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce duk abin da iska mai zafi ta ratsa kafin ta iso bakinka, shi ma ka shaƙe shi.

5/ Dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙe waya da ita tana fara narkewa a digiri 183, daidai zafin da kake nema. Kuma mu ba sai an yi mana lacca kan gubar dalma ba, a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Bututun PVC in ya ji wuta yana fitar da iska mai ƙona maƙogwaro da huhu. Ƙarfe mai rufin zinki, irin na kwanon rufi, tururinsa na sa zazzaɓi, tambayi masu walda. Masu fasa ƙwan lantarki kuma: farin ƙwan nan mai tsimin wuta akwai makyuri a cikinsa.

6/ Mai bidiyon bai faɗa maka ko ɗaya ba. Shi kallo yake nema, ya samu.

7/ Sai batir. Ana ciro 18650 daga mataccen batirin laftof, fatarsa a yage, babu abin da zai katse wuta in waya ta haɗu. A 2018 a Florida sigarin lantarki ya fashe ya kashe mai shi, kuma ba na haɗin kwalba ba ne. Kai naka da salatif ka naɗe, ka kai shi bakinka. Haba malam.

8/ Mu dawo kan "ai ganye ne, na Allah ne". Zaƙami ma ganye ne. Abin da ciki ya karɓa ba lallai huhu ya karɓa ba. Masu ɗiga man habbatussauda ko na na'a-na'a don ƙamshi, ku sani maiƙo in ya shiga huhu yana iya zama ya kumbura shi.

9/ A Amurka daga 2019 zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, 68 suka mutu, yawancinsu bayan sun shaƙi tururin ruwan wiwi da galibi aka saya a bayan fage. Babban abin da aka zarga shi ne wani mai na bitamin E da ake gauraya ruwan da shi. Bitamin fa, wanda ake shafawa a fata lafiya lau.

10/ Kar kuma wani ya kawo min zancen surace. Tururin tafasasshen ruwa ne a tukunya, bai wuce digiri 100 ba, babu dalma babu batir.

11/ Mu daina ɓoye-ɓoye: da yawan masu cewa "ganye" wiwi suke nufi. A Najeriya laifi ne, kuma NDLEA ba za ta sassauta maka don ka ɗumama ba ka ƙona ba.

12/ In ka riga ka gwada, kuma kana tari, ƙirji na ciwo ko numfashi na sarƙewa, ka tafi asibiti yau. Ka faɗa wa likita ainihin abin da ka shaƙa da kayan da ka haɗa na'urar, kar ka ce masa mura ce.