KADA MU SAYAR DA LAMBOBIN MAZAN JIYA

Jama'a, ga wata magana da muke so ku duba. A Ingila, a garuruwa irin su Mancesta da Bamingam inda 'yan'uwanmu suke zaune, akwai dillalai da masu sha'awar tara lambobin girma na soja. Suna saye a gwanjo, su goge, su jera cikin akwati. A cikin abin da suke nema har da lambobin kakanninmu.

Ga asalin abin. A 1899 Sarauniya Biktoriya ta fitar da lamba domin sojan sa-kai na ƙasashen da Ingila ke mulka, ana ba wanda ya cika shekara 20 yana aiki, har zuwa 1930 da aka sauya ta da wata. A 1903 kuma aka yi wa sojan Afirka ta Yamma tasu ta azurfa, ba mai samunta sai wanda ya yi shekara 18 da hali nagari. A bakin wannan lamba ana buga sunan mutum da lambarsa ta soja da muƙaminsa, ko saje ne ko kofur ko farabiti. Tauraron Bama da aka raba bayan yaƙin 1939 zuwa 1945 ba suna a kansa. Saboda haka a gidaje da yawa, inda gara ta cinye takardar sallama, wannan 'yar azurfa ita kaɗai ce shaidar da ta rage.

Wani zai ce, ai aikin Bature suka yi, kuma rundunar nan ita ce ta shiga Kano da Sakkwato a 1903. Gaskiya ne, ba ma musu. Amma mazan jiya ne kuma suka yi tattaki zuwa fadar Gwamna a Ankara ran 28 ga Fabrairu 1948 suna neman haƙƙinsu, aka harbe uku. Tarihin nan namu ne, da daɗinsa da ɗacinsa, in ya bar hannunmu wani ne zai ba jikokinmu labarinsa.

Ba mu zargin masu tarawa, kuɗinsu suka sa, kuma suna adanawa. Da kanmu muke magana. Wanda ke da lamba a gida ya riƙe ta, magada su yarda a bar ta hannun mutum ɗaya, a rubuta sunan mai ita da garinsu da inda ya yi yaƙi tun tsofaffi suna da rai. Ku kuma da ke Mancesta da Bamingam, in kun ga lamba mai sunan Musa ko Garba za a yi gwanjonta, ku kwafi sunan da lambar ku aiko, a yi cigiyar danginsa. In da hali a haɗa kuɗi a fanso ta. Kuɗin dillali kwana kaɗan ya ƙare, da-na-sani kuwa ƙeya ce.